Daga Ɗan Doka Zuwa Ɗan Sintiri: Waiwaye a Kan Tsaron Garin Jos

Idan muka duba tarihin tsaro a Jos, za mu tarar tun farko gari ne mai hukuma biyu. Kuza ce ta kafa shi a farkon ƙarni na 20, ta jawo Hausawa da Yarabawa da Ibo suka zauna a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Turawa sai suka raba garin: ɓangaren da suke zaune da ma'aikatansu yana hannun 'yan sandan gwamnati, cikin gari kuwa yana hannun En'e da 'yan dokarta.

Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san mai unguwa, ya san fatoma, ya san gidan da baƙo ya sauka jiya da dare. A tsarin nan, baƙo ba ya kwana sai mai masauki ya kai labarinsa ga mai unguwa, saboda haka ɓarawo bai cika samun maɓoya ba. Sai dai kada mu yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Kusancin nan shi ne ya ba masu mulki damar juya 'yan doka a kan 'yan hamayya, musamman 'yan NEPU, a shekarun 1950. Wannan tabo na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Gowon ta narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. An rabu da bulalar En'e, amma an wayi gari ɗan sandan da ke gadin Gangare bai san sunan mai unguwarta ba.

Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da aka kafa a 1984 yunƙuri ne na ɗinke wannan ɓaraka. Rikicin 7 ga Satumba, 2001, da na Nuwamba 2008, da na 2010, su suka nuna iyakarsa. Garin ya dare, Unguwar Rogo ta zama ta Musulmi, Unguwar Rukuba ta Kirista, kowace ta tsayar da samarinta 'yan sintiri. A nan ne, a ganinmu, matsalar Jos ta bambanta da ta Kano ko Katsina. A can, idan an ce 'yan sanda su yi aiki da al'umma, an san wadda ake nufi. A Jos kuwa sai an tambaya: wace al'ummar?

Tsarin mulkin 1999 bai yarda jiha ta mallaki 'yan sanda ba. Don haka a 2010 gwamnatin Jonah Jang ta kafa Operation Rainbow, wadda ta haɗa jami'an tsaro da 'yan sa-ido daga unguwanni, aikinsu shi ne kai rahoto tun kafin wuta ta kama. Dabarar mai unguwa ce ta dawo cikin sabuwar riga, ko da yake wasu mazauna garin sun yi mata kallon rundunar ɓangare ɗaya. A 2016 Gwamna Simon Lalong ya ƙara da hukumar samar da zaman lafiya, mai zaunar da sarakuna da limamai da fastoci da shugabannin matasa wuri guda, sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma tun daga jiha har zuwa ofishin yanki.