Igwar Da Ta Zama Kuɗi a Ƙasar Burunai

A gidajen tarihi da kantunan kayan da na Turai, mutum yakan ga 'yan ƙananan igogi na tagulla, wata ba ta wuce taƙi ɗaya ba, an zane jikinta da furanni, bakinta kuwa kamar na kada. Wanda bai sani ba sai ya ce abin wasan 'ya'yan sarakuna ne. Alhali da yawansu kuɗi ne, kamar yadda wuri ya kasance a ƙasar Hausa.

Asalinsu tsibirin Boniyo ne da maƙwabtansa, musamman daular Musulunci ta Burunai. Mutanen nan sun daɗe da sanin igwa. A shekarar 1521, lokacin da jiragen ayarin Majalan suka isa Burunai, marubucinsu Figafeta ya ƙirga igogi 62 a ganuwar fadar Sarki, 56 na tagulla, 6 na baƙin ƙarfe. Akwai kuma matsakaita da ake kira lantaka, masu wani tsinke a ƙasa da ake cusawa a gefen jirgin ruwa, a juya bakin duk inda ake so. Da su ake korar 'yan fashin teku, da su ake marabtar babban baƙo, har shigowar azumi da buɗa baki da ƙararsu ake sanarwa.

To, yaya makami ya koma kuɗi? Tagulla ba ta ruɓewa kamar shinkafa, gara ba ta cinta kamar tufa, kuma ana iya auna ta. Sai aka riƙa yi wa igwa daraja bisa nauyinta, da ma'aunin fikul, wanda ya kai kimanin kilo 60. Sarki ya ci mutum tara, fikul kaza na igwa zai biya. Ƙabilun cikin daji da ke kawo kafur da kakin zuma su ma igwa suke karɓa, su biya sadaki da ita, su jera ta a ɗaki don a san gidan masu hali ne. Da yake ba kowane ciniki ne ya kai a ɗauko babbar igwa ba, sai maƙera suka shiga zuba ƙanana. A ganina nan ne gwanintarsu ta fi fitowa, domin abin da ba za a kai fagen fama ba, ado ne kaɗai zai ɗaga shi. Da kaki suke fara siffanta ta, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin, su zuba tagulla a gurbinsa. Saboda dole a fasa yumɓun, da wuya a sami biyu iri ɗaya sak.

Kuɗin Turawa ne suka kashe wannan kasuwa, musamman bayan 1906 da Ingila ta ajiye Razdan a Burunai. Igogin suka koma kayan gado, daga nan dillalai suka bi ƙauyuka suna saye. Da masu tara kayan tarihi suka yi yawa, sai jabu ta shigo: a zuba sabuwa, a binne ta ko a jiƙa ta da ruwan batir har ta yi tsanwa, a sayar wa baƙo da sunan ta shekara ɗari uku.