Jakara: Tarihin Takin da Ya Ɓata Hanya

Duk wanda ya bi ta Fagge ko ta gefen Sabon Gari da rani ya san warin Jakara tun kafin ya ga ruwanta. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, wannan wari yana da tarihi, kuma tarihin nasa na taki ne, watau abincin shuka wanda a dā ake kai wa gona a kan jaki, daga baya kuma aka bar shi yana bin ruwa.

Jakara ta girmi ganuwar Kano. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta tun zamanin Barbushe da mazauna Dala, a matsayin kurmi mai baƙin ruwa wanda ake girmamawa. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka kafa Kasuwar Kurmi a bakinta, kuma ana danganta kafuwar Fagge da wannan zamani, inda ta zama masaukin ayarin Abzinawa a wajen gari. Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, da Barth, wanda ya zo a 1851, duka sun yi maganar fadamar da ke tsakiyar birni da ƙazantar da ake zubawa a cikinta. Saboda haka ba za a ce Jakara ta taɓa zama ruwa garai-garai ba. Amma akwai abin da ya rage mata kaya a wancan lokaci. Toka da shara da kashin awaki da na jakai dukiya ce. Da rani manoman karkara sukan shigo birni da itace a kan jakuna, su koma da mangaloli cike da taki. Binciken da Michael Mortimore ya yi a shekarun 1960 ya nuna cewa wannan taki na daga cikin abin da ya sa ake noma gonakin kewayen Kano kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Abin da gari ya ci daga gona, yana mayar wa gona.

Zuwan jirgin ƙasa a 1911 da kafa Sabon Gari wajen 1913 su ne mafarin canji. Jama'a ta ƙaru a wajen ganuwa, Fagge ta cika ta batse, daga baya kuma ruwan famfo ya iso daga Challawa. To, gidan da aka kawo wa ruwa dole ya fitar da ruwa, kuma da yake ba a gina wa waɗannan unguwanni cikakken tsarin tace ruwan datti ba, sai kwatami da magudana suka fuskanci Jakara. Abbatuwar Fagge ta ƙara mata jini da tumbi. A can gaba kuma rafin Getsi ya haɗu da ita, ɗauke da dagwalon majemu da masaƙun Bompai, wanda gubarsa magana ce ta daban.

Abin lura, a 1913 ɗin nan ne aka buɗe masana'anta ta farko a Jamus mai ciro naitirojin daga iska bisa dabarar Haber da Bosch, wadda ita ce uwar takin zamani. Takin bai yawaita a hannun talakan Arewa ba sai a shekarun 1970, lokacin da gwamnati ta karya farashinsa ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na Shugaba Shagari a 1980. A 1976 ɗin kuma aka kammala madatsar Jakara a Wasai, cikin jerin madatsun da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako. Watau a shekaru goma aka samu abu biyu: taki mai saurin narkewa a ruwa, da kuma tafki inda ruwan zai tsaya.

Ga yadda lamarin yake aiki. Naitirojin da fosfaras su ne manyan abincin shuka, kuma suna cikin fitsari da kashi da jini kamar yadda suke cikin buhun yuriya da na kamfa. Idan suka yi yawa a ruwan da ba ya gudu, sai gansakuka da kainuwa su ci su ƙoshi su rufe fuskar ruwa. Idan suka mutu suka nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da su sai su shanye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Daga nan sai ruwa ya yi wari, kifi ya ragu, tacewa ta yi tsada. Haka ya faru ga tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada a shekarun 1960, kuma gwajin da David Schindler ya yi a wani tafki a Kanada a 1973 ya tabbatar da cewa fosfaras ne babban mai laifi a ruwan daɗi. Shi kuwa naitirojin yakan tsiyaya ƙasa ya shiga rijiya, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha, don kare jarirai.

Ina matsayin manomi a nan? Masu lambu na Kwakwaci da Nomansland da Gama sun daɗe suna ban-ruwa da Jakara, a dā da jigo, daga baya da inji, suna noma latas da kabeji da alayyafo da karas waɗanda ake sayarwa a kasuwannin birni. Adalci shi ne a faɗi cewa mafi yawan kayan da ke cikin ruwan daga gidaje da mayanka ya fito, kuma lambunan suna ma tsotse wani kaso nasa. Kuskuren yana wajen da manomi zai ƙara takin buhu a kan ruwan da ya riga ya zo da takinsa. Abin da shuka ba ta ci ba, ban-ruwa na gaba ko ruwan farkon damina sai ya wanke shi ya mayar rafi, ya gangara Wasai, inda masunci da mai shayar da dabbobi ke biyan bashin da ba su ci ba.

A zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011–2015) aka fara rufe wani sashe na kwarin Jakara da siminti, aka shimfiɗa titi a kai. Wannan ya ɓoye ruwan daga ido, amma bai rage ko ƙwayar fosfaras ɗaya daga cikinsa ba.

Darasin tarihin ga ɗalibai da ma'aikatan hukuma a fili yake. A gina tafkunan tace ruwa kafin ya isa lambu, a mayar da tumbin abbatuwa takin gona, malaman gona kuma su auna ruwa da ƙasa kafin su ce a zuba buhu nawa. Kakannin Kanawa sun san cewa wurin taki gona ne, kuma aikin da jakunansu suka yi shi ne yake jiran hukuma a yau.