Dalma a cikin wayar salula: Yadda kamfanoni ke raba kayan lantarki da guba, da abin da ya rage wa Birnin Kudu da Gwaram

Wayar salula da rediyo da fitilar caji da ake saye a shagunan Birnin Kudu, ko a kasuwar Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram, ba a Jigawa aka ƙera su ba. Yawancinsu daga China ko Turai suka taso, aka sauke su a tashoshin jiragen ruwan Legas, suka bi ta kasuwanni irin su Alaba da Farm Centre ta Kano kafin su iso kudancin jihar. Amma a nan suke tsufa, a nan ake gyara su, a nan kuma suke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan ko a kan juji. Saboda haka shawarar da wani kamfani ya yanke a wata ƙasa mai nisa game da sinadaran da zai zuba a cikin kayansa tana shafar lafiyar mai gyaran waya da ta yaron da ke wasa kusa da bola.

Waɗanne sinadarai ake nufi?

Na farko kuma mafi shahara shi ne dalma. Shekaru da dama, haɗin da ake narkawa domin liƙe ƙananan sassa a kan allon na'ura, wanda masu gyara ke kira fanel, kashi 63 cikin 100 kuza ne, kashi 37 dalma. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya ma cike yake da ita. Akwai zaiba a cikin dogayen ƙwayayen fitila da hasken bayan tsofaffin allunan kwamfuta, akwai kadmiyum a wasu batura da launin roba, sai wani nau'in kuromiyum da ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Akwai kuma sinadaran buromin da ake gauraya wa roba don kada ta kama wuta.

Arewacin Najeriya ya san illar dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Waccan dalmar daga duwatsun zinare ta fito, amma aikinta a jiki ɗaya ne: tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa kaifin fahimta, ta lalata ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a cikin jini da aka san ba ya cutarwa.

Abin da ya tilasta wa kamfanoni

A ƙarshen 2001 hukumomin ƙasar Holand suka tsare na'urorin wasa na PlayStation kimanin miliyan 1.3, saboda an sami kadmiyum fiye da ƙima a cikin wayoyin da ke haɗe da su. Kamfanin Sony ba shi ya ƙera waɗannan wayoyin da hannunsa ba, sayo su ya yi daga masu kawo masa kaya, amma shi ya kwashi asarar. Daga nan ya fito da tsarin tantance masu kawo masa sassa mai suna Green Partner, wanda ya wajabta wa kowannensu bin jerin sinadaran da kamfanin ya haramta.

A 2003 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da aka fi sani da RoHS, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2006. Dokar ta taƙaita sinadarai shida, wato dalma da zaiba da kadmiyum da wancan nau'in kuromiyum da rukuni biyu na sinadaran buromin. Iyakar da aka sa ita ce kashi 0.1 cikin 100 na nauyi, ta kadmiyum kuwa 0.01. Ba a kan na'urar gaba ɗaya ake yin lissafin ba, a kan kowane ɓangare ne da ba ya rabuwa, kamar robar da ta lulluɓe waya ko ɗigon liƙi guda. Wannan sharaɗi ne ya hana a ɓoye guba mai yawa a ƙaramin sashe a fake da nauyin sauran. An sabunta dokar a 2011, daga Yulin 2019 kuma aka ƙara sinadarai huɗu masu tausasa roba, suka zama goma. China ta fara aiki da irin tata dokar a 2007.

A cikin kamfani, aikin yana tafiya ne a ƙarƙashin tsarin kula da muhalli, wanda ma'aunin ISO 14001, da aka fara fitarwa a 1996, ya shimfiɗa masa ƙa'ida. Kamfani zai rubuta jerin abin da ya haramta, ya karɓi takardar bayanin sinadarai daga duk mai kawo masa sassa, ya riƙa gwada samfuri da na'urar da ke gano ƙarafa ta hanyar haske, ya aika masu bincike masana'antun abokan hulɗarsa, ya kuma sauya fasalin kaya idan babu makawa. A nan akwai abin lura: takardar ISO 14001 shaida ce cewa kamfani yana da tsari, ba shaida ba ce cewa kayansa ba su da guba.

Sauyin bai zo da sauƙi ba. Haɗin kuza da dalma yana narkewa a digiri 183, shi kuwa wanda ya maye gurbinsa, na kuza da azurfa da jan ƙarfe, sai wajen digiri 217. Dole masana'antu suka sake tanda da sassan da za su jure ƙarin zafi. Da yake kuma raba layin ƙira gida biyu yana da tsada, manyan kamfanoni da yawa sun mayar da kayansu duka kan sharaɗin Turai. Ta haka mai sayen sabuwar waya a Gwaram ya ci moriyar dokar da ba don shi aka yi ta ba.

Inda gyaran bai kai ba

Giɓi na farko shi ne kayan gwanjo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2018 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa ta tashoshin Legas a shekara, a 2015 da 2016, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su. Yawancinsu a cikin tsofaffin motoci aka cuso su. Duk abin da aka ƙera kafin 2006 yana iya ɗauke da gubarsa yadda take.

Na biyu yana kan teburin mai gyara. Haɗin da ke da dalma ya fi sauƙin narkewa, ya fi arha, don haka har yanzu ana sayar da shi ana amfani da shi. Wayar da ta fito daga masana'anta ba dalma tana iya samunta a gyaran farko. Hatsarin ga mai gyara ya fi zuwa ta hannu da ƙura, musamman idan ya ci abinci ko goro bai wanke hannu ba.

Na uku, wanda ya fi nauyi ga karkara, batirin sola ne da na mota. Ƙarancin wutar lantarki ya sa gidaje da shagunan caji da asibitoci sun dogara da batura, kuma fiye da rabin nauyin batir mai ruwa dalma ce. RoHS ba ta shafe shi ba, dokar batura daban take. Idan ya mutu, ana fasa shi a zubar da ruwan a ƙasa a sayar da dalmar. Binciken da jaridar New York Times da The Examination suka wallafa a 2025 ya nuna yadda masana'antun narka irin waɗannan batura suka gurɓata garin Ogijo na jihar Ogun da jinin mazaunansa. Sai kuma ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe, wanda hayaƙinsa ke ɗauke da gubar dayoksin ko da babu dalma a ciki.

Wa ke da alhaki a Najeriya?

Dokokin ƙasar sun samo asali ne daga abin da ya faru a 1988, lokacin da aka jibge gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko, da ke jihar Delta a yanzu. A shekarar gwamnatin soja ta kafa dokar hukunta masu shigo da shara mai cutarwa, a 1989 kuma aka ƙulla Yarjejeniyar Basel kan safarar irin wannan shara tsakanin ƙasashe. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin sashen kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022, na batura kuma suka fito a 2024. Ginshiƙinsu shi ne cewa mai ƙera kaya ko mai shigo da su yana da alhaki a kansu har bayan sun mutu. Don sauke wannan nauyi ne kamfanoni suka kafa ƙungiyar EPRON a 2018, wadda ke tattara kuɗi daga mambobinta domin tallafa wa kwasa da sarrafa matattun kaya.

A rubuce, wannan alhaki ya shafi talabijin da ta mutu a Gwaram kamar yadda ya shafi wadda ta mutu a Ikeja. A aikace, harkar ta fi ƙarfi a Legas, mai kwasar matattun kaya a karkarar arewa kuwa ɗan gwangwan ne, wanda ƙarfen yake nema, sauran ya bar wa juji. A matakin jiha akwai hukumar kare muhalli ta Jigawa, JISEPA. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuwa ya sa kwasar shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ware wurin ajiye matattun batura da hana ƙona waya a bakin kasuwa suna cikin abin da majalisun Birnin Kudu da Gwaram ke da hurumin yi.