Takardun Lambobin Yaƙi da Tarihin Masu Su

Lambobin yabon da Ingilishi suka raba wa sojan Afirka ta Yamma bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, kowace an zana sunan mai ita da rundunarsa a jikinta. Na yaƙin 1939 zuwa 1945 kuwa, irin su Tauraron Bama, haka aka ba da su babu suna. Saboda haka in an sami irin wannan tauraro cikin adakar wani tsohon soja, ba abin da zai shaida ko na wane ne sai takardar da ke tare da shi, watau ta sallama ko ta shaidar aiki. Ita ce kuwa gara da damina suka fi saurin ci.

Lambar jaruntaka tana da wata hanya dabam. Hafsan da ke bisa mutum shi ke rubuta abin da ya aikata, da rana da wuri, a miƙa sama har a amince, sa'an nan a buga sunan cikin Gazet ta Landan. Waɗannan shaidu na yaƙi na biyu suna ajiye a ma'adanar takardun gwamnatin Ingila da ke Kiyu, ƙarƙashin lamba WO 373. Na yaƙin farko galibinsu sun salwanta, don wuta ta cinye takardun soja masu yawa sa'ad da Jamus suka jefa wa Landan bom cikin 1940.

Amma babbar wahalar mai bincike a wajen suna take. Hausa ita ce harshen bariki, har waɗanda ba Hausawa ba sukan shiga da sunan Hausa. Akan rubuta mutum da sunan yanka da na gari, ba na uba ba, sai a sami mutum da yawa masu suna ɗaya cikin bataliya guda. Ga shi kuma akawun Bature da kunnensa yake rubutu: Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu, ƙ da ɗ da ɓ ba a ko kula da su. Wanda ya dogara ga suna kaɗai, lalle zai haɗa mutum biyu su zama ɗaya, ko ya raba ɗaya biyu. Lambar aikin soja ita ce abin riƙo.

In an jera takardun daidai, sai a ga rayuwa ta fito sarai. Ga misalin Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja a rundunar Jamus ta Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa cikin 1915, ya shiga rundunar Nijeriya cikin 1917. Ya kai muƙamin Samanja na bataliya, ya sami lambar M.M. a yaƙin Habasha, ya tafi Bama, aka ƙara masa B.E.M. Ya bar aiki cikin 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, aka kuma sa wa barikin Lakwaja sunansa. Tarihinsa ya tsira domin shi babba ne, hukuma ta yi ta rubuta shi. Kofur da farabiti na Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka ratsa Kaladan da Arakan, yawancinsu layi ɗaya ne cikin littafin rajista, sauran labarin yana bakin 'ya'yansu da jikokinsu.