Tarihin Ilektiron da Haske Mai Ƙarfi

Zan fara daga bakin ruwan Yauri, don a can na sami misalin da ya fi sauƙaƙa mini wannan magana. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar Kainji. Ruwa ya hau, ya ci tsibiran Gungawa, aka tā da mutum fiye da 40,000, duk domin a sami wutar lantarki. Ita kuwa wutar nan ba kome ba ce illa motsin wasu 'yan ƙananan halittu da ake kira ilektiron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a Ingila a 1897. Tambayarmu ita ce: in ilektiron ya kuɓuce daga ƙwayar zarra, yana tafe shi kaɗai, yana iya haɗiye haske?

Amsar ita ce a'a. Haske yana zuwa ƙwaya-ƙwaya, kowace da ƙarfinta da kuma turinta, kuma lissafi ya nuna ilektiron ba zai iya karɓar duka biyun ba tare da an sami gibi ba. Abin da yake iyawa shi ne ya kauda ƙwayar hasken gefe, kamar yadda Arthur Compton ya nuna a Amurka a 1923. A 1935 wani Barashe, Volkov, ya ƙididdige halin ilektiron cikin haske mai tsananin ƙarfi: yana ta karkarwa, amma da hasken ya wuce sai ya koma yadda yake.

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale daga Yelwa zuwa kasuwar Wara ya san wannan. Igiyar ruwa ta ɗaga jirgi, ta sauke shi, ta wuce, ba ta bar masa kome ba. Amma fa in a daidai lokacin nan ya ci karo da kututturen itacen da tafki ya rufe, to, ƙarfin igiyar ya zauna a jikinsa ke nan, kuma Sarkawa sun san sakamakon. Haka ilektiron yake. Sai da na uku a tsakani, wato ƙwayar zarra a kusa, sa'an nan ciniki ke faɗawa.

Shekaru da dama maganar nan ba ta wuce takarda ba, don babu fitilar da ta isa a gwada. Sai a 1960 Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko. A 1973 Kroll da Watson suka faɗi abin da ya kamata a gani, kana a 1977 Weingartshofer da abokan aikinsa a Kanada suka harba ilektiron cikin iskar argon da leza ta haska. Ilektiron ya fito da ƙarin ƙarfi ko ragi, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa daidai da ƙwayar haske guda. A ganina wannan gwaji bai sami yabon da ya cancanta ba, shekara 42 bayan lissafin Volkov.

Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. A 1987, a Faransa, Anne L'Huillier ta ga iskar gas tana fid da haske mai launuka da yawa in leza ta ratsa ta. Paul Corkum ya yi bayani a 1993: leza ta fizge ilektiron daga gidansa, ta kore shi, ta juyo da shi a guje, ya faɗa wa ƙwayar da ya bari, ya amayar da duk abin da ya tara a walƙiya guda. A nan gidan nasa ne ya zama kututturen. A 2001 Pierre Agostini ya auna irin wannan walƙiya, ya iske tsawonta atosakan 250, atosakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan sau biliyan na daƙiƙa. Shi da L'Huillier da Ferenc Krausz aka ba lambar Nobel ta 2023.