Kalmar “Ƙasa”: Asalinta da Nahawunta

Ƙasa tsohuwar kalma ce ta Hausa wadda ba a aro ta daga Larabci ba. Tana ɗauke da manyan ma’anoni uku: turɓayar da ake nomawa, da yankin wata al’umma kamar ƙasar Hausa, da kuma ƙasa mai iyakoki da gwamnati kamar Nijeriya.

Asali

Hausa tana cikin harsunan Cadi, reshen dangin Afro-Asiya bisa rabon Joseph Greenberg na 1963. Da yake ba a taɓa rubuta uwar waɗannan harsuna ba, masana suna kwatanta kalmomin ’ya’yanta don gano tsohuwar siga, kamar yadda Paul Newman da Roxana Ma suka yi a 1966. Da wannan hanyar aka gano *landā, wato fili, a uwar harsunan Keltawa na Turai. Tauraron yana nuna cewa hasashe ne na masana. Amma a wajen “ƙasa”, Hausa kanta tana adana shaidu.

Nahawu

Kalmar suna ce mai jinsin mace, shi ya sa ake cewa “ƙasar nan”. Wannan “r” daga “ta” ya samo asali. Jam’inta “ƙasashe”: an maimaita baƙin ƙarshe, sannan “s” ya rikiɗe zuwa “sh” a gaban wasalin “e”, abin da ake kira ganɗantawa. Idan aka gajarta wasalin ƙarshe, karin sauti ya sauka, sai ta zama bayanau, kamar a “zauna ƙasa”. Daga ninka saiwarta aka sami “ƙasƙanci” da “ƙarƙashi”, inda “s” na gaɓar farko ya koma “r”.

Ma’ana a aikace

Faɗin ma’anar ya fi bayyana a “ɗan ƙasa”, wanda ke nufin mai ’yancin zama ɗan Nijeriya, yana kuma nufin ɗan asalin gari. A Karu, tsohon garin Gbagyi da ke Babban Birnin Tarayya, Bahaushe mazaunin garin ɗan ƙasa ne a ma’ana ta farko, Bagbagye kuwa a duka biyun, alhali dokar 1976 ta danƙa filayen yankin a hannun Gwamnatin Tarayya. Don haka wajibi ne mai fassara ya rarrabe: “fili”, ko “ɗan asali”, ko “ɗan ƙasa”.