Gona, Turke da Rumbu: Tarihin Gidan Manomi a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Da zarar an ambaci tarihin Daura, abin da yakan zo wa mutum a rai shi ne Bayajida da rijiyar Kusugu da jerin sunayen sarakuna. Wannan kuwa daidai ne, domin da su ne aka san Daura a duniya. Amma akwai wani tarihin da ba a cika kula da shi ba, watau na talakan da ya noma geron da aka ci a fada, ya kuma kiwata ragon da aka yanka ranar salla. A cikin wannan ɗan bayani za mu dubi yadda gidan manomi yake a yankin Sandamu, wanda ke kudu da birnin Daura a kan hanyar Kano, da ƙauyukansa irin su Fago da Karkarku da Kwasarawa da Rijiyar Tsamiya. Za mu ga yadda aka tsara gidan, da abubuwan da suka girgiza shi daga zuwan Turawa har zuwa yau. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne, a wannan ƙasa ƙarfin gida yana ga abin da ya iya ajiyewa, fiye da abin da ya girbe.

Yanayin ƙasar

Ƙasar Daura jigawa ce, ruwan sama kuma ba ya wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Wata shekara ya zo da wuri ya ɗauke da wuri, wata shekara ya yi fashi bayan an yi shuka. Manomin da ke zaune a irin wannan wuri ya san cewa abin da ya samu a cikin wata huɗu shi zai ci wata goma sha biyu, kuma ya san a cikin 'yan shekaru sai an sami wadda damina za ta gaza. Saboda haka ne bai taɓa dogara ga abu ɗaya ba. A gona guda yakan shuka gero mai saurin nuna, da dawa, da maiwa, sa'an nan ya ratsa wake ko gyaɗa a tsakaninsu. In fari ya kashe wannan, wancan ya tsira.

Gandu da gayauna

Tushen gidan shi ne gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza, masu aure da marasa aure, sukan yi aiki tare a gonar gandu tun daga safe har zuwa azahar. Shi kuma maigida shi ke da nauyin ciyar da kowa daga rumbun gandu, da biyan haraji, da sayen kayan aiki, da yi wa samari auren fari. Bayan an tashi daga gandu, kowa sai ya nufi gayaunarsa, watau 'yar gonar da aka yanka masa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. In aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, maƙwabta su taru a gama shi rana ɗaya. Wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinta na 1972, kuma abin da ta gani can bai bambanta sosai da na ƙasar Daura ba.

Turke da akurki

Idan gona ta maza ce, to, tsakar gida ta mata ce. Yawancin awaki da tumaki da kajin da ke cikin gidan Bahaushe na mata ne, kuma shari'a ta tabbatar wa mace dukiyarta, miji ba shi da ikon sayar da akuyarta sai da yardarta. Yarinya takan fara da kaza ɗaya. Kaza ta yi 'ya'ya a sayar a sayi 'yar akuya, akuya ta hayayyafa a sayi tunkiya, har watakila a kai ga saniya, wadda za a ba Bafulatani ya haɗa da garkensa. Wadda ba ta da jari kuwa takan karɓi kiwo daga wata, a raba 'ya'yan bisa yadda suka shirya. Zabi ma suna da nasu matsayi. Da damina suke zuba ƙwai, kuma da yake zabuwa ba ta iya riƙon 'ya'ya ba, sai a sa wa kaza ƙwan ta kwanta a kai.

Jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, ta kai sunan ƙasar Hausa nesa. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka ɗauka daga Maroko take, suka sa mata sunan can.

Abin lura a nan shi ne yadda turke da gona suke ciyar da juna. Da damina akan ɗaure dabbobi don kada su yi ɓarna, a riƙa yi musu ciyawa. Kashin da suka tara, haɗe da toka da sharar gida, shi ne takin da za a kwashe a mangala a kan jaki a kai gona da bazara. Ita kuma gona ta mayar musu da harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda akan ɗaure a jibge a kan soro ko a reshen itace, ga kara, ga dusar da ta fito daga turmi. Bayan girbi kuma Fulani sukan sauka a gona da shanunsu, su ci kara su bar taki. Har itatuwa suna cikin lissafin. Manomi ba ya sare gawo, domin shi ne itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina, bai tare wa shuka rana ba, sa'an nan da rani ya ba dabbobi 'ya'ya da inuwa.

Garka, shanya da rumbu

A bayan ɗaki ko gefen darni uwargida takan shuka kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa da barkono, ga zogale a jikin danga. Wanda ke da fadama kuwa yakan yi garka da rani, ya yi ban ruwa da jigo, ya sami albasa da tumatir. To, amma ɗanyen ganye ba ya kwana biyu, saboda haka sai aka koma ga rana. Akan yanka kuɓewa a shanya, haka tumatir ya zama kauɗa, ganyen kuka a busar a daka. Kalwar ɗorawa a dafa ta, a wanke, a rufe ta kwana biyu ko uku ta yi wari, a kirɓa a shanya ta zama daddawa. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci sai a yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Gyaɗa a fitar da mai a toya ƙuli-ƙuli. Nama a yanyana shi, a shanya, a tsoma a labu a gasa ya zama kilishi, naman layya kuwa a soya shi ƙayau ya yi watanni.

Uban su duka shi ne rumbu. Akan ɗora shi a kan duwatsu don tsoron gara da laima, a yi masa jinka. Gero ba a sussuke shi, da zangarniyarsa ake ɗaure shi dami-dami a zuba, domin a haka ya fi jure wa ƙwari, har yakan shekara biyu ko uku. Wake, wanda ƙwari suka fi so, akan cuɗe shi da toka ko yashi a rufe a tukunya. Daga cikin dami goma akan fitar da ɗaya zakka. Gidan da ya san kansa ba ya buɗe babban rumbu da kaka. Akan bar shi sai damina ta faɗi, lokacin da aiki ya yi nauyi kuma hatsi ya yi tsada, don kada maza su bar gonarsu su tafi ƙwadago a ta wani. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Zuwan Turawa

Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, sarakunan Haɓe kuma suka koma Zango da Baure. Kusan shekara ɗari ƙasar tana rabe, ga kuma Damagaram daga arewa. A irin wannan zamani mutane sun fi zama a garuruwa masu ganuwa, suna noma kusa da gari. Wajen 1890 kuma annobar shanu ta ratsa ƙasashen nan ta kusa ƙarar da garkuna. Da Turawan Ingila suka zo, sai suka naɗa Malam Musa na gidan Haɓe a 1904, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi sarauta har 1966. Yaƙe-yaƙe suka ƙare, mutane suka bazu cikin daji suna sheme sababbin gonaki.

Amma zaman lafiyar ya zo da nasa nauyi. Turawa sun ce haraji da kuɗinsu za a biya, ba da wuri ko hatsi ba, kuma da kaka ake karɓa, daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manoma suka ba gyaɗa filin da a da na gero ne. Sai ga fari a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya a 1914, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a arewacin ƙasar Hausa. An sake yin wata a 1927. Wani masani, Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa fari kaɗai bai isa ya bayyana wannan ɓarna ba. Fari tsohon abu ne. Sabon abu shi ne rumbun da aka riga aka taɓa tun da kaka don neman kuɗi. Wanda ya sayar da dami da araha a watan Nuwamba, shi zai saye shi da tsada a watan Yuli, ko ya ci bashin hatsi ya biya da riɓi. A irin waɗannan shekaru akuyar uwargida ita ce takan fara zuwa kasuwa, kuma sau da yawa ita ce takan kai gida ga tumun sabon gero.

Bayan samun mulkin kai

Farin 1972 zuwa 1974 ya sake gwada gidajen. A 1975 cuta ta naƙasa gyaɗa a Arewa duka, dalar gyaɗa ta Kano kuma ta zama labari. A daidai lokacin kuɗin man fetur suna jan samari zuwa birane, cin rani ya zama zama na dindindin. Gonaki suka yi ta raguwa wajen rabon gado, gandu ya soma watsewa, ɗa yana yin aure sai ya ware tukunyarsa. Gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, tana kiran kowa ya yi lambu a bayan gida ya kiwata kaji, abin da matan ƙauye suke yi tun kaka da kakanni. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a 1979, lokacin Daura tana cikin Jihar Kaduna, kafin a kafa Jihar Katsina a 1987. Amma a 1983 annobar shanu ta dawo, fari kuma ya sake zuwa a 1983 da 1984.

Abin sha'awa shi ne, dabarun da suka fi amfanar ƙaramin manomi a bayan nan duk a kan tsohon tushe aka gina su. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo ya ƙarfafa wa manoma su bar kututturen itatuwa su tofo a gonaki, yau ga gawo ya cika gonakin kudancin Nijar. Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Buhu mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007 yana kashe ƙwarin wake ne ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba guba ba, watau aikin da rufaffiyar tukunya take yi a da.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mai karatu zai ga cewa gidan manomin Daura ya tsaya ne a kan gona da turke da garka da rumbu, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa, kuma duk lokacin da bukatar kuɗi ta sa aka buɗe rumbu kafin lokacinsa, yunwa takan sami ƙofa. Wannan darasi bai tsufa ba, domin har yanzu akwai mai sayar da hatsinsa da kaka don biyan bashin takin zamani. Ya kamata mu ɗalibai, musamman 'yan wannan yanki, idan mun je hutu mu zauna da tsofaffinmu maza da mata, mu rubuta sunayen irin gero da wake da suke shukawa, da yadda ake ginin rumbu, da sunayen da suka sa wa shekarun yunwa. Yawancin wannan ilmi a ka yake, masu shi kuwa kullum raguwa suke yi.